Kwas ɗin malamai ta waya a ƙauyukan Kano da Jigawa: tambayoyi da amsoshi ga mai son shiryawa

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, maganar horar da malamai ta intanet ba ta sake fita daga bakin jami'an ilimi ba. Ni malamin firamare ne kafin a ɗauke ni daga aji a ba ni aikin zagaya makarantu da horar da malamai, kuma yawancin zagayen a ƙauyuka na yi shi, a kan babur. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi jefo min: daga hedimastoci, daga jami'an ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, da kuma matasan ƙungiyoyi da suka samo ɗan tallafi suna neman inda za su sa shi.

Muna da bita. Me kuma za a yi da kwas ta waya?

Bita ba laifi ba ce, amma kowa ya san yadda take tafiya. A horar da mutum goma a Kano ko Dutse, su sauko su horar da ɗari a hedikwatar ƙaramar hukuma, kwana uku, a ci shinkafa, a sa hannu a takardar alawus, a watse. Kafin saƙo ya iso ga malamin aji uku a ƙauye, ya zama kunun da aka yi ta ƙara wa ruwa. Sannan babu mai komowa ya ga ko an gwada.

Karatun malamai daga nesa kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1976 aka kafa NTI, wato Cibiyar Malamai ta Ƙasa, a Kaduna, kuma malamai da yawa da littattafanta da zaman ƙarshen mako suka samu takardar shaidar malanta ta NCE. Abin da waya ta ƙara shi ne kusanci: malami ya koyi abu kaɗan ranar Asabar, ya gwada ranar Litinin, ranar Laraba ya dawo ya ce “Malam, bai yi ba,” a gyara masa tun abin yana da zafi.

Daga ina zan fara?

Daga aljihun malamai. Kafin ka rubuta layi ɗaya na darasi, je ka makaranta uku ko huɗu, ka roƙi kowa ya ɗora wayarsa a kan tebur. Ka ƙirga masu babbar waya da masu ƙarama mai tocila. A cikin manyan, ka duba nawa ne fuskarsu ta tsage, nawa ne suka cika maƙil da wa'azi da hotunan biki har ba su da wurin sabuwar manhaja. Ka tambayi inda ake caji: gida mai sola, ko shagon mai caji a bakin kasuwa inda waya kan yini? Ka tambayi layin da ke kamawa a garin, da kuma daidai inda yake kamawa, don sau da yawa amsar ita ce “gindin tsamiyar can” ko “bayan masallacin Juma'a.” A garuruwan iyaka irin Maigatari da Babura, waya takan ma tsallaka ta kama layin Nijar.

Ni ban yi haka ba a karon farko, kuma na sha kunya. Na zauna a ofis mai wuta da fanka, na naɗi bidiyo mai kyau na minti arba'in, na sa ganawa ta Zoom ƙarfe goma na safe. Rabin malaman ba su shigo ba, waɗanda suka shigo kuma muryarsu tana ta yankewa kamar rediyo mai mataccen batir. Da daddare wani malami ya kira ni, ina jin iska tana kaɗawa a bayansa saboda ya hau tudun bayan gari neman sabis. Ya ce, “Ranka ya daɗe, bidiyon nan naka ya cinye min datar wata, kuma wallahi ban ga ƙarshensa ba.” Ba faɗa ya yi ba. Har haƙuri ya ba ni, abin da ya fi faɗan ciwo.

Wace manhaja ce ta fi dacewa a ɗora kwas a kai?

Wadda malamai suke buɗewa ba tare da an ce su buɗe ba, kuma a yau WhatsApp ce. Ba a gina ta don karatu ba: saƙo yana nutsewa cikin gaisuwa, ba ta ajiye maki, kuma neman darasin makon jiya sai ka yi ta ja sama. Amma ba ta neman imel, ba ta neman sabuwar lambar sirri, kuma saƙo yana jira har sai sabis ya dawo. Dabarar ita ce zaure biyu: ɗaya na darasi wanda mai horarwa kaɗai ke rubutu a ciki, ɗaya na tattaunawa. Zaure yana iya ɗaukar mutum 1024, amma kada ka ruɗu da wannan. Ya wuce mutum talatin, ya zama kasuwa.

Moodle, manhajar gudanar da kwas ta intanet, kyauta ce, jami'o'i da yawa da ita suke aiki, tana ajiye maki, kuma manhajarta ta waya tana bari a sauke darasi a karanta babu intanet. Sai dai tana buƙatar wanda zai kula da ita kullum. Google Classroom ta fi sauƙi, amma sai da adireshin Gmail, kuma a nan gizo ke saƙar: yawancin malamai yaron shagon waya ne ya buɗe musu, ba su san lambar sirrin ba. Kolibri an yi ta ne musamman don inda babu intanet. A zuba ta a kwamfuta ɗaya, wayoyin da ke kusa su ja darasi daga gare ta. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, manhajar darussa da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, wadda ya kamata ka leƙa kafin ka wahalar da kanka ƙirƙirar abin da yake akwai.

Shawarata: WhatsApp ta zama gida, Google Forms ta ɗauki gwaji, saura kuma sai buƙata ta kira su.

Bidiyo ko murya ko rubutu?

Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp bai kai megabait 1 ba. Bidiyo mai wannan tsawon yakan haura megabait 20, ko da an matse shi. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi a kan mai jiran albashi.

To murya ce jigo, a haɗa ta da hotunan fuskar waya guda uku ko huɗu, an zagaye maɓallin da za a danna da jan layi. Bidiyo sai inda ido ya zama dole, kamar nuna yadda malama ke raba aji mai yara da yawa rukuni-rukuni, kuma kada ya wuce minti uku. Manyan bidiyoyi a zuba su a memori, ko a tura ta Xender ranar da aka haɗu. Wannan ma ba sabo ba ne a Jigawa: shirin horar da malamai na TDP da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya sa wa malamai bidiyon darasi a cikin waya, suna kallo ba tare da intanet ba.

Wani abu game da bidiyo: a naɗe shi a aji irin nasu. Idan malami ya ga yara ashirin a kan kujeru da farin allo, zai ce wannan na 'yan birni ne, ya rufe. Idan ya ga yara a kan tabarma, allo ya koɗe, taga babu murfi, amma darasin yana tafiya, zai kalla har ƙarshe.

Da Hausa za a yi ko da Turanci?

Bayani da Hausa. Sunayen maɓallai a bar su yadda suke a fuskar waya, don da Turanci malami zai gan su, in ka fassara masa zai yi ta nema bai gani ba. Ka kuma koya musu tun makon farko yadda ake ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard, su samu ƙ da ɗ da ɓ. Malamin Hausa da ke rubuta wa yara “kofa” yana nufin “ƙofa” ya san yana da matsala, bai dai san maganin yana cikin wayarsa ba.

Ɗalibanmu ba su da waya, ajinmu babu wuta. Me malami zai yi da kayan intanet?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, kuma ita ce masu shirya kwas daga birni suke tsallakewa. Littattafan da ake kwafowa daga Amurka da Ingila sun ɗauka kowane yaro yana da kwamfuta a gabansa. Mu waya ɗaya ce a ajin, tana hannun malami. Saboda haka kada ka shirya kwas a kan “yadda ake amfani da manhaja kaza.” Shirya shi a kan aikin da ke cin ran malami, sannan ka kawo manhajar da ke rage masa shi.

Ga misali. Malami zai koyar da sassan fure ranar Talata, littafi ɗaya ne a makarantar, shi ma yana ofishin hedimasta a kulle. Darasin mako: yadda zai nemo zane mai kyau a intanet, ya ajiye shi a waya, ya kwafe shi a allo ko a bayan kwali. Malamar Turanci tana kokwanton yadda ake furta wasu kalmomi: darasin mako, yadda za ta sa waya ta furta mata, ta haɗa da 'yar lasifikar Bluetooth yara su ji. Ƙarshen zango ya zo, malami yana haɗa makin yara da yawa da biro har tsakar dare, ya yi kuskure ya sake: darasin mako, Google Sheets ko Excel na waya, da yadda ake sa ta tara maki da kanta. Na ga malamin da ya rubuta umarnin tarawa a layin farko, ya ja shi ƙasa, jimlar yara duka ta fito. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Shi ke nan? Shekara goma sha biyu!” Bai sake fashin darasi ba.

Kowane mako abu ɗaya, aiki ɗaya da za a yi a aji, da shaida ɗaya da za a turo. Mako shida zuwa takwas ya isa. In ka ga kana son cusa Canva da YouTube da Forms duk a mako guda, to kanka kake burgewa.

Wane lokaci ya fi?

Ka ɗauki kalandar gona kafin ta makaranta. Malamin ƙauye manomi ne. Daga saukar damina har a gama noman farko da maimai, yamma ba tasa ba ce, haka ma lokacin girbin gero da roron wake. A yankin Haɗeja da Auyo da Ringim, watannin Agusta da Satumba na iya zuwa da ambaliya, a yanke hanya, makaranta ta zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Azumi ma a kauce masa, ko a sassauta. Daga bayan girbi zuwa kafin zafi ya tsananta, nan ne fili.

Ranar kasuwa takobi ce mai kaifi biyu. Kada ka sa wa'adin aiki ranar Alhamis ga mutanen Maigatari ko Juma'a ga na Wudil. Amma ranar ce malami ke shiga gari mai sabis da caji, don haka darasi ya riga shi isa: tura shi tun daren jiya.

Sai an haɗu ido da ido? Ai an ce ta intanet ne.

Sai an haɗu. Yini ɗaya a farko, a buɗe imel, a rubuta lambar sirri a bayan littafin tsara darasi, a share wa waya wuri, kowa ya tura saƙon gwaji a gabanka. Sannan kowane mako biyu malaman makarantu uku ko huɗu na kusa su zauna awa ɗaya, ko babu kai. Tsarin haɗa makarantu gungu-gungu da jami'an tallafa wa makarantu yana nan tun zamanin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN a Kano da Jigawa, kada ka gina sabo a gefensa.

Malamai mata fa?

Da yawansu waya ta gida ce, ko ta maigida, ba ta zuwa hannunsu sai dare. Wasu kuma ba za su saki jiki su yi magana a zauren da maza suka cika ba, wasu ma ba za a bar lambarsu ta shiga can ba. Ka buɗe musu zaure nasu, mace ta jagorance shi. Kada ka sa ganawa kai tsaye tsakanin la'asar da isha, lokacin tukunya ne. Kuma ka yarda a turo aiki da murya, don mai goyo a baya da muciya a hannu ta fi iya magana da rubutu. A kwasa-kwasan da na yi, idan aka gyara waɗannan, matan ne ke riga maza turo aiki.

Za a ba da kuɗin data?

A ba da data, ba kuɗi ba, kuma kaɗan-kaɗan, kowane mako bayan an turo aikin da ya gabata. In ka tura ta wata guda a dunƙule, yaran gida za su gama da ita a TikTok kafin Laraba. Batun alawus kuma a faɗe shi ƙarara tun ranar farko, akwai ko babu. Malamai sun saba bita tana zuwa da ambulan. In ka yi shiru, za su ɗauka an bayar wani ya danne, kuma kai za a fara zargi.

Mutane suna farawa da zafi, mako na uku sai tsit. Yaya ake yi?

Haka yake ko'ina a duniya. Manyan kwasa-kwasan intanet na kyauta an daɗe da sanin mafi yawan masu rajista ba sa kai ƙarshe. Amma shirun malamin ƙauye yakan kasance da dalili mai sauƙi: waya ta faɗa ruwa, an yi rasuwa, albashi ya makara, ko ya kasa wani mataki yana jin nauyin faɗa a gaban jama'a. Maganinsa kira ne, ba saƙon gargaɗi a zaure ba. A gaisa, a tambayi iyali, sannan a ce, “Malam, mun ji ka shiru, ko akwai inda ya tsaya?” Don haka mai jagora ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum ashirin zuwa ashirin da biyar, kuma a ba shi katin kira.

Aiki kuma in an turo, a amsa cikin kwana biyu, da sunan mai shi, da abu ɗaya da ya yi daidai. Babban yatsa kawai ba amsa ba ce.

Dattawan malamai da suka kusa ritaya, a bar su?

A'a, sai dai kada a sa yaron da suka koyar ya gyara musu a bainar jama'a. Ka haɗa dattijo da matashi su biyu: matashin ya riƙe waya, dattijon ya kawo darasi, don sau da yawa dattijon ne ya san yadda ake sa yaro ya gane rabawa. Kuma ka duba girman rubutun wayarsa. Wani ba ƙin koyo yake ba, tabarau ne babu.

A saka ChatGPT da Meta AI a ciki?

Ko ba ka saka ba sun riga sun shigo, tunda Meta AI tana zaune a cikin WhatsApp. Gara a ware mata mako guda. Waɗannan manhajoji masu amsa tambaya kamar mutum suna taimakawa wajen fitar da tambayoyin gwaji da daftarin tsarin darasi, amma suna ƙarya da gaba gaɗi, kuma Hausarsu takan fito da ƙashin Turanci. Aikin da nake bayarwa shi ne: kowa ya tambaye ta tarihin garinsu ko sunayen hakiman ƙasarsu, ya kawo kurakuran da ya kama. Bayan wannan darasi babu mai kwafe amsarta ya kai allo bai duba littafi ba.

Akwai abin da za a kiyaye game da hotunan yara?

Akwai. In za a ɗauki hoton aji a matsayin shaida, a ɗauki allo da littattafai, ko a ɗauka daga baya. Fuskar yara, musamman 'yan mata, ba ta shiga zaure sai da izinin iyaye da sanin hedimasta da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC. Takardar maki mai sunaye ma haka. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma tun kafin doka, uba ɗaya ya ga hoton 'yarsa yana yawo ya isa ya cire ta daga makaranta.

A nan ne kuma za a gargaɗe su kan 'yan damfara. Duk wanda ya kira ya ce daga “ofis” yake, a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya don a saka sunanka a tallafi, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa. A sa kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun ranar haɗuwar farko.

Satifiket fa? Zai yi amfani wajen ƙarin girma?

Kada ka yi alƙawarin abin da ba a hannunka yake ba. Ƙarin girma na hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ne, wato SUBEB, rajista da lasisin koyarwa kuma na hukumar rajistar malamai ne, wato TRCN. In kana son takardarka ta yi nauyi, ka je wurinsu tun kafin ka fara, ko ka haɗa kai da kwalejin ilimi irin ta Gumel ko ta tarayya da ke Bichi. Amfanin da za ka iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne: jarrabawar TRCN a kwamfuta ake yin ta, JAMB ma haka, don haka hannun da ya saba da amsa tambaya a fuskar waya ya rage wa kansa da ɗalibansa fargaba.

To ta yaya zan san kwas ɗin ya yi aiki?

Yawan waɗanda suka shiga zaure ba ya nuna komai, haka ma maki goma bisa goma a Google Forms, don an san mutum ɗaya kan amsa wa makaranta guda. Ka bari a yi wata ɗaya da gamawa, lokacin da data ta daina zuwa, sannan ka hau babur ba tare da sanarwa ba. Ka zauna a bayan aji. Ka duba ko zanen da ke allo daga waya ya fito, ko lasifikar tana aljihun malama ko tana gida ana jin waƙa da ita. Ka ce a nuna maka makin zangon nan, ka ga ko takarda za a ɗauko ko waya. Kafin ka tafi ka tambayi hedimasta ko akwai malamin da bai yi kwas ɗin ba amma ya koya a wurin abokinsa, ka rubuta sunansa, don shi za ka fara nema idan za a zaɓi masu jagorar zagaye na gaba.